Neman Kaka a Faifan Kawu Doan

Kwamfutar tana ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin buhun dusa da kejin zakara, kuma da na jawo ta waje sai da kyankyasai suka watse ta ko'ina. Na dubi mai gidan na ce wannan ce ya yi ta cika mana baki a waya cewa yana lallaɓa ta kamar ƙwai? Ya ce ai ruwan sama bai taɓa taɓa ta ba, kuma ba don shi ba da tuni masu sayen gwangwan sun kwashe ta ranar da kamfanin ya rushe. Sunansa Doan, tsohon magatakardan kamfanin da ya gina masana'antar takalma a kan tsohuwar maƙabartar ƙauyenmu. Ban haɗa komai da shi ba, ban ma taɓa ganinsa ba sai ran nan, amma ya kai sa'ar mahaifina, dole na ce masa kawu ko da raina yana tafasa.

Gwaggo Nham, yayar mahaifina, tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta a hammata. An ba ta kujera ta ƙi, an ba ta shayi ta riƙe kofin har ya huce. Uwarta muke nema, wato kakata, wadda ban taɓa gani ba ko a hoto. Ta rasu tun Gwaggo tana yarinya, aka yi mata binnewar farko, wadda kowa ya san ta wucin gadi ce: bayan 'yan shekaru a tono, a wanke ƙasusuwan da ruwan ƙamshi, a jera su a ƙaramin akwatin yumɓu, sannan a kai su makwanci na dindindin. To kafin lokacin ya yi, yunwa ta kori gidanmu daga arewa zuwa tsaunukan Dak Lak noman gahawa. Aka yi ta cewa bana, aka yi ta cewa baɗi. Kakana ya mutu da maganar a bakinsa, mahaifina ma haka, ya rage Gwaggo kaɗai.

Da za a gina masana'antar an yi shela da lasifikar ƙauye, wai kowa ya zo ya ɗauke nasa. Wa zai ji lasifikar ƙauyen arewa daga gonar gahawa a can kudu? Kaburburan da ba a zo nema ba kamfanin ya sa aka tone, aka sa kowanne a akwatinsa, aka ba shi lamba, aka jera su a layi ɗaya a gefen sabuwar maƙabarta. Mu ba mu san an yi ba sai da wani ɗan'uwanmu na nesa ya bugo waya ya ce hukumar ƙauye za ta malala siminti a kan layin gaba ɗaya, a kafa dutse ɗaya a rubuta cewa waɗanda ba a san sunansu ba ne. Muka bar komai muka hau jirgi. Jami'in da muka samu bai wulaƙanta mu ba, amma bai lanƙwasu ba: in mun nuna masa wanne ne namu, mu ɗauka, amma ba zai bari mu bi akwatunan iyayen mutane muna buɗewa ba. Yau ana ɗaura rodi, gobe da safe motar siminti za ta zuba. Shi ne ya tura mu wurin Doan, ya ce ya ji an ɗauki hoton kowane akwati a buɗe, da lambarsa a gefe, kafin a rufe.

Ban ɓata lokaci wajen kunna kwamfutar ba, ɓera ya riga ya yi kalaci da wayoyinta. Na kwance murfin na zaro faifan ajiyar, na haɗa shi da tawa kwamfutar a kan teburin cin abincinsu. Wannan aikina ne, ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin fitar da gahawa, kuma na san kukan faifai mai lafiya. Wannan ba shi da ita. Ya juya, ya yi wani ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake juyawa. Irin wannan yana iya yi maka aiki har yamma, yana iya mutuwa kafin ka haɗiye yawu, kuma ba ya sallama.

Na buɗe baƙar tagar rubuta umarni. Kawu Doan ya leƙo ta kafaɗata da lofensa na gora a hannu, ya tambaya me ya sa ba zan danna jakunkunan fayilolin in duba ba kamar yadda mutanen kirki ke yi. Na ce masa in na danna, kwamfutar za ta tsaya zana ɗan hoton kowane abu da ke ciki, faifan ya yi ta wahala a banza, mu wayi gari muna kan jaka ta uku.

Ya ce, “Ku dai 'yan kudu, miya sai kun zuba mata sukari, aiki kuma sai kun zuba masa wahala.”

Na ce, “Kawu, matsa da hayaƙin nan. Faifan ma numfashi yake nema.”

Umarnin da nake aiki da shi kalma ɗaya ce ta Turanci, find, ma'anarta nemo. Ka gaya masa inda zai fara, ka gaya masa kamannin abin da kake so, sai ya bi jaka-jaka, ya shiga ta ciki, ya shiga ta cikin ta cikin, har ƙarshen kowane reshe, ya dawo ya kama wani. Ba ya gajiya, ba ya kuma tunani. Abin da ka ce shi zai kawo, abin da ka hana shi ko ya yi tuntuɓe da shi ba zai ɗaga ba.

Na fara da suna. Na ce ya nemo duk abin da ke da kalmar kabari, ko maƙabarta, ko ƙaura a sunansa. Faifan ya yi ta ƙas-ƙas, ni ina kaɗa ƙafa, Gwaggo tana zirga-zirga daga ƙofa zuwa bayana. Abin da ya fito bai taka kara ya karya ba: takardar kwangila, da wani jawabi da shugaban kamfanin ya karanta. Hoto ko ɗaya babu. Na tambayi Kawu wane suna ya sa wa hotunan. Ya yi mini kallon wadda ta yi tambayar wauta, ya ce shi yaushe yake da lokacin raɗa wa hoto suna, ai waya ce ke ba su lamba. To wace jaka ya zuba su? Ya ce wannan kam ya tuna sarai, ya sa mata suna Sabuwa.

Na ce a nemo mini jakar da ake kira Sabuwa. Haba, sai ga su suna zubowa. Sabuwa, Sabuwa ta biyu, Sabuwa sosai, Sabuwa kar a goge, Sabuwa ta ƙarshe, kuma a cikin Sabuwa ta ƙarshe akwai wata Sabuwa da 'ya'yanta. Ashe duk aikin da ya shigo ofishin nan tun ranar da aka buɗe shi, mutumin nan Sabuwa yake buɗe masa. Na juya na dube shi. Ko a jikinsa, wai ai lokacin da ya buɗe kowacce sabuwa ce.

Na ce to mu bi ta kwanan wata. Ya ce lokacin sanyi ne, shekarar da ya aurar da 'yarsa, wannan ba ya mantawa don har yau bai gama farfaɗowa ba. Na rubuta, na saki. Babu. Na faɗaɗa zuwa shekarar gaba ɗaya, babu ko fayil ɗaya, abin da ba zai yiwu ba a ofishin da ke aiki. Da na duba sai na ga komai na faifan rana ɗaya yake ɗauke da ita, daga takardar albashi har waƙoƙin da Kawu ke saurare. Ya ce af, ai tsohuwar kwamfutar ta taɓa lalacewa, wani mai gyara ya kwashe komai ya juye a wannan. Juyewar nan ta shafe kwanan kowane fayil ta liƙa masa na ranar. Na zagi mai gyaran nan a zuciyata, zagi mai kyau, duk inda yake.

Wayar Gwaggo ta yi ƙara. Ɗan'uwanmu ne daga maƙabarta, ya ce an gama rabin rodin, kuma injin kwaɓa siminti ya iso tun yanzu an ajiye shi a bakin hanya. Gwaggo ta ce to, ta kashe, ta buɗe jakarta ta rufe, ta sake buɗewa. Ba ta ce mini in yi sauri ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage shi ne in ce a kawo duk wani hoto da ke faifan. Na san abin da zai biyo baya, amma na gwada. Sunaye suka yi ta gudu a allon har ido ba ya iya kama ko ɗaya. Kusan duka tarkace ne, irin 'yan ƙananan hotunan da kwamfuta ke tarawa da kanta duk lokacin da mutum ya shiga intanet: tallan man shafawa, tambarin jarida, fuskokin 'yan ƙwallo. Na tsayar da shi kafin ya kashe mini faifan. Sai na yi abin da duk mai irin aikina zai yi ido rufe: na ƙara masa sharaɗi cewa manyan hotuna kaɗai nake so, masu nauyi irin na kyamara ko na waya, ƙananan ya tsallake su.

Wannan karon abin ya fito daidai misali, 'yan ɗaruruwa. Na kwafe su zuwa tawa kwamfutar na fara buɗewa. Ga shugaban kamfanin yana yanka ƙyalle. Ga shi kuma yana yanka wani ƙyallen. Ga motarsa ta gaba, ta baya, ta gefe, har da tayarta. Ga walima, dafaffiyar kaza a faranti da kwalaben giyar shinkafa, Kawu Doan a tsakiya fuska ta yi jawur. Ya miƙo yatsa yana nuna mini waɗanda suka mutu a cikinsu da waɗanda suka gudu ƙasar waje, na buge yatsan. Ga katafila tana ture ƙasa. Sai ga wani hoto daga nesa, fili mai ciyawa da 'yan tuddai, da rimi guda a ƙarshensa.

Gwaggo ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena. Ta ce wannan ce maƙabartar, ta san rimin nan, suna wucewa ta gindinsa da gudu in za su kai wa babansu abinci gona. Ta ce in matso da hoton. Na matso da shi har ya farfashe ya zama dabbare-dabbare, ba abin da ake gani sai ciyawa. Muka bi sauran har na ƙarshe. Akwati ko ɗaya babu.

Faifan ya yi zafi kamar murfin tukunya, ya kuma ɗauke wuta na ɗan lokaci har gabana ya faɗi, sannan ya dawo. Na ce Kawu ya kawo fanka. Ya ce fanka ɗaya ce a ƙasa kuma ta zakara ce, zakaran yana da faɗa ranar Lahadi. Ban san irin kallon da na yi masa ba, na dai ga ya je ya ciro ta.

Rana ta riga ta karkata. Matar Kawu ta kawo mana taliyar shinkafa da romon kaguwa, ba wanda ya taɓa sai mijinta. Ni kaina ya ɗau zafi. Na sake neman manyan hotuna da wasu ƙarshen sunaye, ko wayar wani iri ce. Na nemi dunƙulallun fayiloli, ko an matse su wuri ɗaya. Na leƙa kwandon shara. Duk umarnin da na saki sai na ji kamar ina ɗora wa tsohon jaki wani buhun, kuma duk wanda ya dawo hannu biyu yake dawowa. A ƙarshe na ture kujerar na miƙe, na gaya wa Kawu abin da ke raina, ban rage ba. Na ce babu wasu hotuna. Na ce sun tone iyayen mutane da katafila sun watsa a akwatuna sun rubuta lambobi yadda suka ga dama, sannan suka ƙirƙiro zancen hoto don a ce sun yi aiki. Na ce ya sa tsohuwa ta yini a tsaye saboda yana jin daɗin a zo gidansa ana roƙonsa.

Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa. Na ga ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ni ma na san na zarce, amma ban janye ba.

Gwaggo ce ta raba mu, ba kuma da niyyar rabawa ba. Ta zo gabansa ta tsaya, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ita yanzu ta haƙura da hoton. Abu ɗaya take so ya gaya mata tsakaninsa da iyayensa.

Ta ce, “Ƙanena, da kuka tono ta, rana ta gan ta?”

Kawu Doan ya miƙe tsaye. Ya ce, “Yaya, mu ba dabbobi ba ne. Shugabanmu ɓarawo ne, na yarda, amma yana tsoron matattu fiye da yadda yake tsoron hukuma. Masu wankin ƙashi na gaske muka ɗauko daga ƙauyen gaba. Tun kafin zakara ya yi cara ake farawa, a ƙarƙashin tamfol, da tocila ɗaya, kafin gari ya waye an rufe. Ni da kaina na riƙe tocilar, sanyi kamar zai cire mini yatsu. Ko ƙashi ɗaya rana ba ta taɓa ba.”

Gwaggo ta gyaɗa kai ta ce ta gode. Ni kuwa sai a lokacin na gane kuskurena. Tun ina goye na san ba a bari hasken rana ya sauka a kan ƙashin mamaci, kowa ya sani, amma ban kawo shi cikin lissafin aikina ba ko sau ɗaya. Hoton da aka ɗauka a duhu da tocila ɗaya kusan duk baƙi ne, baƙi kuwa ba shi da abin ɗauka, fayil ɗinsa ba ya nauyi. Na tambayi Kawu da wace waya aka ɗauka. Ya ce da ta shugaban leburori, shi ya turo masa ta manhajar hira. Wannan kuma tana ƙara matse hoto ta mai da shi ɗan mitsitsi. Wato tun ɗazu umarnina yana bi ta kansu yana wucewa, domin ni da hannuna na ce ya tsallake ƙanana.

Na koma na zauna, ina sauri har na yi kuskuren rubutu sau biyu. Na ce ya nemo hotuna ƙanana, amma ba 'yan mitsi-mitsin nan na tambari ba, na tsakiya. Na ce duk jakar da kwamfuta ke tara tarkacen intanet kar ma ya leƙa ta, ya datse reshen daga tushe. Na karanta layin daga farko zuwa ƙarshe, na sake karantawa, domin ban tabbata faifan zai ba ni wata damar ba. Na danna.

Shiru. Ƙas-ƙas, shiru. Fanka tana kaɗawa, zakara yana ƙorafi a kejinsa. Wasu sunaye suka fito ɗaya-ɗaya, hoton katin shaida, hoton wata rasit. Sai faifan ya yi wani dogon nishi, na ce shi ke nan ya tafi. Na ɗora tafin hannuna kusa da shi, ban san amfanin hakan ba. Can sai layuka suka fara sauka a jere, dukansu daga wuri ɗaya, da doguwar hanya a gabansu har tana naɗewa zuwa layi na biyu: jakar Doan, cikin Tsofaffi, cikin Sabuwa kar a goge, cikin wata Sabuwa, cikin wata jaka da aka sa wa suna Lalatattu.

Kawu ya sunkuyo ya karanta, ya sosa ƙeya. Ya ce yanzu ya tuna. Da aka turo su ya buɗe ya ga baƙi ƙirin, ya ɗauka wayar mutumin ce ta lalace. Ya so ya goge, amma hannunsa ya ƙi, wa zai goge hoton mamaci ya kwana lafiya? Shi ne ya tura su can ciki inda shugaba ba zai gani ya yi faɗa ba. Na duƙufa rubuta umarnin kwafewa. Sai da na ga na ƙarshe ya sauka a tawa kwamfutar na saki numfashi, na ce masa ya yi haƙuri da maganar ɗazu. Ya ce 'yan kudu dama ba su da ta ido, ya saba.

Na buɗe na farko. Baƙi ne, da ɗan haske a tsakiya. Na ƙara masa haske a hankali, sai abin ya taso: akwatin yumɓu a buɗe a kan tabarma, jan ƙyalle a ciki, ƙoƙon kai a sama, dogayen ƙasusuwa a gefe biyu, an jera su tsaf. A gabansa guntun tayil da lamba da farin fenti. Kawu ya cire hularsa. Matarsa ta je ta kunna turaren tsinke ta soke a kofin shinkafa kusa da kwamfutar, ba ta tambayi kowa ba.

A nan ne wani abu ya faɗo mini wanda ya kamata in yi tunaninsa tun a jirgi. Na yini ina haƙilon nemo hotuna, ban taɓa tambayar kaina da me Gwaggo za ta gane uwarta ba. Ƙashi ai ƙashi ne. Duk sun yi launin ƙasa iri ɗaya, duk an jera su iri ɗaya. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko lokacin da faifan ya ɗauke wuta. Na dubi Gwaggo.

Ita kuwa ta jawo kujera ta sa tabarau. Kowane hoto na haska, sai ta ɗan sunkuyar da kai ta ce wa mai shi ya yi haƙuri da kallon da za ta yi masa, ta duba, ta ce in wuce. Wani da haƙoransa baƙaƙe irin na tsofaffin da. Wani an ajiye masa maɓallan riga a gefe. Wani ƙarami ne ƙwarai, matar Kawu ta juya baya. Na lura Gwaggo ba ta kallon kai, ƙasan akwatin take kallo. Sau ɗaya ta ce in dawo baya, ta daɗe tana dubawa, ta girgiza kai. Muka wuce rabi. Wayarta ta sake yin ƙara a jaka, ba ta ɗauka ba. Ina ganin hotunan da suka rage suna raguwa, ina rage saurin hannuna da gangan, kamar hakan zai ƙara yawansu.

Sai ta riƙe mini wuyan hannu.

A ƙasan akwatin, gefe da gefe, akwai wasu ƙulli biyu. Na ƙara haske. Leda ce mai kauri, shuɗiya da ɗigo-ɗigon fari, ta yi dauɗa amma ba ta ruɓe ba, an ɗaure bakin kowacce da zaren kamun kifi.

Gwaggo ta ce, “Rigar ruwana ce.”

Ta ce masu hali suna sa wa mamacinsu safar hannu ta nailan, don in an zo tono 'yan ƙananan ƙasusuwan yatsu kar su ɓace a laka. Su ba su da ko safar ƙafa. Babanta yana waje yana neman katakon akwatin gawa, matan maƙwabta suna ta cewa a bar shi haka. Ita ce ta ɗauko rigar ruwan da take zuwa makaranta da ita, ta yanka da lauje, ta naɗe hannun uwarta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure da zaren babanta. Ta ce hannun ya yi sanyi, ita kuma ba ta iya ɗauri ba, tana ta ƙulli a kan ƙulli. Duk shekarun nan abin da ke hana ta barci ke nan, ko ɗaurin ya kwance.

Ta matso da fuskarta dab da allon. Ta ce mini, “Bai kwance ba, Luyen. Duba, bai kwance ba.”

Na duba, amma ban ga komai sosai ba, idona ya cika. Kawu Doan ne ya karanta lambar tayil ɗin da ƙarfi, ashirin da bakwai, ya sake maimaitawa, yana neman makullin babur a aljihun da ba ya ciki.

Shi ya goya Gwaggo, ni na bi su a babur ɗin matarsa da kwamfutar a goye. Bai tsaya a ko'ina ba, yana ta danna oda, agwagi suna watsewa. Muka samu jami'in a maƙabartar yana duba aikin, rodi ya rufe layin kamar raga. Na buɗe masa hoton a kan sirdin babur. Ya duba, ya dubi Gwaggo, ya yi ƙorafin cewa mutane sai an zo zuba siminti suke tuna suna da iyaye. Gwaggo ta ce gaskiyarsa. Ya kira mai walda ya ce a yanke rodin da ke kan ashirin da bakwai, a kewaye wurin da katako, simintin ya bi ta gefe. Ɗauka kuwa sai kafin asuba, tunda rana ba ta faɗi ba, wannan ba sai an gaya wa kowa ba.

An kafa turke a kan inda aka binne kowane akwati, duk iri ɗaya ne, guntun siminti da lamba. Gwaggo ta bi su tana karantawa har ta zo kan nata. Ta cire takalmi, ta tsuguna tsakanin rodin da aka yanke, ta cire ciyawar da ke gindin turken da hannu. Na miƙa mata turare na kunna mata. Na ɗauka za ta yi irin doguwar gaisuwar da ake yi wa magabata, da sunan ƙauye da na zuri'a. Ta ɗaga turaren daidai goshinta, ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ta sauke hannu ta shafa furfurarta, ta dubi bayan hannunta da ya yamutse.

Ta ce, “Inna, kar ki ji tsoron tsohuwar nan. Na girme ki yanzu, shi ya sa ba ki gane ni ba. Nham ce.”